Fankar Da Ba Ta Juyawa

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau muka kawo kwamfutata gidan su Baba. Maigidana ne ya rungumo ta yana nishi, ni kuma na riƙo wayoyi kawai, don yanzu ba a bari in ɗauki abin da ya fi cokali nauyi. Muka ajiye ta a ɗakin da Inna ke guga, kan teburin nan mai rawar ƙafa. Baba ya naɗe kwali ya cusa masa a ƙasa.

Likita ya ba da rana. Alhamis, sauran kwana goma sha bakwai. Ya ce bayan aikin maƙogwaron Baba wataƙila murya ta dawo, wataƙila kuma. Nan ya tsaya, ni ma nan zan tsaya.

Baba ko a jikinsa. A mota ma cewa ya yi, "Shekara da shekaru ina zuba muku surutu kyauta kuna toshe kunne, yanzu da za a rufe shagon kowa ya zo saye." Shi ya sa na ce zan ɗauki muryarsa, duk labaransa, kafin ranar. Wanda nake ɗauke da shi sai nan da wata huɗu zai iso, kuma ban yarda ya taso bai san yadda kakansa ke dariya ba. Ban faɗa wa Baba haka ba, da wane bakin? Shi ma bai tsananta ba. Ya dai dube ni ya ce, "Auta, wannan aikin na Baƙo ne ko?" Baƙo ne sunan da ya raɗa wa ɗan cikin. Na sunkuyar da kai na ci gaba da haɗa waya.

Yaya ya bugo daga inda yake aiki, wai me ya hana a ɗauka da wayar hannu. Na tuna masa wayata da ta faɗa bokiti bara ta tafi da hotunan shekara uku. Ba zan ajiye muryar Baba a abin da ke yawo a aljihu ba. Ga makirufo mai kyau da nake aiki da shi, kuma da kwamfuta kaɗai yake haɗuwa.

Talata, bayan azahar

Mun yi ɗaukar farko, awa ɗaya da 'yan mintoci. Baba ya ba da labarin yadda ya koyi gyaran fanka a hannun wani maigida mai kunne ɗaya, wanda ba ya koyarwa sai da ranƙwashi. Na yi dariya har Baƙo ya motsa.

Sai na sa mu saurara. Wallahi raina ya ɓaci. Muryar Baba tana nan, amma can ƙasa, a bayan wani gurnani mai ƙiii a cikinsa. Shekara shida ina buga takardu da kwamfutar nan ban taɓa jin ƙarar ba, kunnena ya saba. Makirufo kuwa bai saba ba, ya kwashe duka. Da muryar da ce ta Baba, wadda ake ji daga bakin titi, da ba komai. Ta yanzu ba ta iya kokawa da inji.

Inna ta leƙo ta ce, "Wa ya kawo mini injin niƙa ɗakin guga?" Sunan ya zauna.

Baba ya miƙe, ya zagaya bayan kwamfutar, ya ɗora kan sukudireba a jikinta ya kara kunne a marikin, yadda na taso ina gani yana yi wa fankokin mutane. Ya rufe ido. Can ya nuna wani ƙaramin akwatin ƙarfe a baya, inda wayar wuta ke shiga. Shi ne ke karɓar wutar gida ya raba wa kayan ciki daidai ƙarfinsu, kuma yana da 'yar fankarsa ta sanyaya shi. "Ga mai laifin," in ji Baba. "Boris ɗin da fankar ke juyawa a kai ya bushe. Wannan ai yarona ne."

Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin a fara zuwa asibiti.

Laraba, da safe

Asibiti. Jini, hoto, layi. Ba mu ɗauki komai ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Sauran sati biyu cif.

Baba ya sa an fito masa da jakar aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya cire akwatin wutar, ya bar shi ya huce, ya yi mini huɗuba a kan cewa irin waɗannan suna riƙe wuta a ciki ko an zare su, kada in kuskura in kwaikwaye shi. Sannan ya ɗaga shi a tafin hannu yana aunawa, ya taɓe baki.

"Ji fa, Auta. Gwangwanin madara ya fi shi nauyi. Wanda ya ƙera wannan ba ya tsoron Allah."

Da ya buɗe, ƙura ta yi dam kamar auduga. Ya nuna mini ƙarfen jikin da ke lanƙwashewa da ɗan yatsa, da wayoyi sirara kamar zare, da wata ɗalma da aka ɗiga a karkace. Kowanne sai ya yi tsaki. Amma fa yana jin daɗi, na san shi. Ya aiki Inna ta kawo man keken ɗinkinta, ta kawo tana mita, ya ɗiga wa fankar ɗigo biyu, ya hura, ta juya sumul.

Muka mayar muka kunna. Gurnanin ya koma 'yar iska kawai. Baba ya harɗe hannu ya ce wa Inna, "Kwastoma, sai a biya kuɗin aiki." Haka yake kiranta tun kafin a haife mu. Ta ce man nata ne, don haka ita ke bin sa godiya.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi Baba ya zauna ya ba da labarin Kwastoma. Mun sha jin sa guntu-guntu, amma yau ya bayar tun daga tushe. Wata yarinya ta shigo shagonsa da fankar tebur, shuɗiya, ta ce ba ta juyawa. Ya gyara a minti goma, amma ya ce ta dawo jibi. Ta dawo, ya ce saura kaɗan. Sau biyar tana dawowa. Ashe tun zuwa na biyu ta gane, take ta zuwa. Ya kwaikwayi tafiyarta, ya kwaikwayi muryar ubanta ranar da ya zo karɓar fankar da kansa da sanda a hannu. Muryar ta riƙe masa yau, ko tari bai yi ba.

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Koriya ce."

"Shuɗiya."

"Fankata ce ko taka?"

"Ni na kwana biyar ina kallonta."

"Ba fankar kake kallo ba, Malam."

Ina ta dariya ban lura ta wuce ciki ta jona dutsen guga ba. Fitila ta ɗan yi ƙasa, sai na ji tas. Allon kwamfuta ya yi baƙi, wani ƙauri ya tashi daga baya. Minti arba'in da bakwai, ban ajiye ba. Na yi niyyar ajiyewa in ya kai aya, shi kuma bai kai aya ba.

Na danna, na sake dannawa. Ko ƙyas. Injin Niƙa ya cika.

Inna ta tsaya da dutsen guga a hannu ta ce, "Ni ce ko?" Baba ya ce ba ita ba ce, akwatin kirki ba ya mutuwa don an jona guga, wannan dama neman dalili yake. Ya ce mini kada in damu, labarin yana nan a bakinsa. Na ce to. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Asabar, da rana

Baba ya wuni yana shan ruwan ɗumi. Jiya ta ci masa murya.

Na bar Inna ta yi mini tsifa don ta daina kallona da idon mai laifi.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya bugo ya yi lacca rabin awa a kan abin da bai gani ba. A ƙarshe dai ya ce a nemo akwatin wuta mafi kyau a garin, shi zai ji da kuɗin. Bakinsa ya fi hannunsa sauri, amma hannun ma yana zuwa. Allah ya bar mana shi.

Litinin, ƙarfe uku

Mun je wajen mai gyara, ni da Baba. Na ce ya zauna a gida, ya ce ba za a zaɓo fanka a bayan idonsa ba.

Shagonta yana hawa na biyu a layin masu kayan wuta, ɗan mitsitsi, kwamfutoci a jere har rufi. Mace ce, ba ta wuce sa'ata ba, da tabarau a goshi da sukudireba a bayan kunne. Baba ya ga sukudireban ya washe baki. Kafin in gama bayani sun shiga hirar boris da naɗin waya, sun manta da ni a tsaye.

Ta duba, ta ce Allah ya taimaka Injin Niƙa bai tafi da kowa ba, akwatin wutar ne kawai ya ƙone, sauran kayan lafiya lau. Na gaya mata abin da muke yi da kwamfutar, ban gaya mata dalili ba. Ta saurari muryar Baba, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Ta jawo wani akwatin wuta daga ƙarƙashin tebur, na wani ne da ya yi oda, ta miƙa wa Baba. Hannunsa ya ɗan yi ƙasa.

"Yauwa," ya ce. "Wannan ya ci abinci."

Ya ƙwanƙwasa jikin da farce, ya matsa, bai lanƙwashe ba. Ya leƙa ta ragar, ya yaba kaurin wayoyin, ya yaba yadda aka lulluɓe su, har ya shinshina. Ta ce irinsa ko wuta ta yi ƙasa ba ya firgita, kuma in wani abu ya faru shi zai kashe kansa kafin ya ƙona na gaba. Za ta sa a kawo mana irinsa jibi. Ta ɗaure wa kowace waya a cikin kwamfutar 'yar takarda da lamba don in iya jonawa da kaina, saboda jibin za ta yi tafiya.

A hanya Baba ya ce, "Yarinyar nan da a hannuna ta koya da ta fi haka." Wannan a wajensa ita ce lambar yabo mafi girma.

Sauran kwana goma.

Talata, da yamma

Likita ya ce ya rage magana. Baba ya ce, "To a ba ni maganin da zai sa Kwastoma ta rage tata, don in ta yi dole in rama." Har ma'aikaciyar jinya sai da ta juya baya tana dariya.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Maigidana ya karɓo sabon akwatin da rana. Baƙi wuluk, mai nauyi, an naɗe shi a jakar yadi kamar kayan ado. Na jona wayoyi bisa lamba, Baba na tsaye a kaina yana ba da umarnin da ban nema ba. Na danna. Allo ya kawo, komai ya tashi, kuma ɗakin tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ji tsuntsu a waje. Na ji agogon bango, wanda ban san yana da sauti ba.

Har na fara murna, sai Baba ya durƙusa ya haska ragar da tocila.

"Kashe, Auta."

"Me ya faru, Baba?"

"Fankar ba ta juyawa. Kashe maza kafin ya ƙone."

Na leƙa. Gaskiya ne, tana tsaye cak. Ya sa tsinke ya tura ta, ta juya sau biyu ta tsaya. Ya ce ko dai an yanke mata waya ko an sa musu matacciya tun daga kamfani, kuma akwatin da ba ya samun iska minti ashirin ya ishe shi ya tashi da kwamfutar gaba ɗaya. Wa zai yi wa Baba musu a kan fanka? Na zare waya.

Na kira mai gyara, wayarta a kashe. Yaya ya ce dama ya sani, jabu aka ba mu.

Alhamis, da safe

Sati ɗaya. Shago a rufe. Maƙwabcinta ya ce sai Asabar.

Alhamis, da yamma

Na yi wa maigidana faɗa a kan ya bar murfin man goge baki a buɗe. Bawan Allah ya rufe, ya ba ni haƙuri, ya je ya sayo mini lemo. Na ci ina jin kunya.

Juma'a, bayan azahar

Baba yana falo yana ba maƙwabci labari mai daɗi, na wani alhaji da ya kawo fankar rufi gyara a kan keke ta kwashe masa hula. Ina ji daga ɗakin guga, ga kwamfuta a gabana a kashe. Na ɗauka da wayar hannu ta bayan labule, duk da abin da na ce. Rabi muryar maƙwabcin ce, rabi kukan akuyarsu.

Sauran shida. Sauran shida.

Asabar, ƙarfe biyu

Yau na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba.

Muka ɗauki kwamfutar sukutum zuwa shagon. Baba ya sa rigarsa ta fita, ya shirya jawabi tun a mota. Ya fara a hankali, cewa shi ba ya zargin kowa, sana'a ce, akan samu, amma 'yata, an ba ki matacciyar fanka.

Ta kunna, ta leƙa, ta cire tabarau ta goge ido. Na ga tana cije leɓe.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Haka aka yi ta. Ba ta juyawa sai akwatin ya yi zafi."

"Fanka?"

"Fanka, Baba. In aikin ba shi da yawa sai ta yi zamanta. Don shirun ma na zaɓa muku shi."

Baba ya ce shi shekara arba'in yana wannan aiki, duk fankar da aka kawo masa a tsaye mara lafiya ce. Ba ta yi gardama ba. Ta sa wa kwamfutar wani aiki mai nauyi, ta ce mu jira. Muka zuba wa raga ido mu uku kamar masu jiran wata. Bayan 'yan mintoci fankar ta motsa, ta fara juyawa a hankali, ba ƙara, sai 'yar iska mai ɗumi a bayan hannu. Ta tsayar da aikin. Jim kaɗan fankar ta rage gudu, ta tsaya abinta.

Baba ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Fankar da ta san lokacin yin shiru. Wannan ta fi wasu mutane hankali."

Mai gyara ta buɗe kwalin sabon akwatin da muka dawo da shi, ta zaro wata takarda mai ruwan ɗorawa, da hoton fanka da manyan haruffa, tana bayanin wannan ɗin dai. A saman kwalin take tun ranar Laraba. Baba ya ce shi bai taɓa karanta takardar fanka ba, kuma ba yau zai fara ba. Kwana uku muka zubar saboda ƙwarewa. Na so in ji haushi, amma na dubi yadda yake dariyar kansa har yana riƙe tebur, sai haushin ya ƙi zuwa.

Ya raɗa wa sabon akwatin suna Mai Ladabi. Da za mu fito, mai gyara ta cire 'yar fankar Injin Niƙa ta ba shi, wai tsaraba.

Lahadi, ƙarfe biyar

Ban gane ba.

Komai ya daidaita. Na sa Inna ta jona dutsen guga da gangan, fitila ta yi ƙasa, Mai Ladabi ko gezau. Na saita abin ya riƙa ajiyewa da kansa duk minti biyu. Na rufe taga, na kashe fankar rufi, na zaunar da Baba, na ce bismillah.

Ya ce, "To." Ya gyara zama. Ya faɗi shekarar da ya buɗe shago. Ya yi shiru. Ya ce a ba shi ruwa. Ya sake farawa kamar mai ba da shaida a kotu, ya tsaya. A shirun nan ana jin komai, har yadda numfashinsa ke gogar wani abu kafin ya fito. Shi ma ya ji. Ya dubi makirufon ya ce, "Haka nake yanzu?"

Na ce makirufon ne ke ƙara wa abu gishiri. Ya ce ya gaji, gobe.

Na samo masa shirun da nake nema, shirun ya kore shi. Sauran huɗu.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Inna ce ta gyara, ba ni ba, ba mai gyara ba.

Da safe ta same ni na yi tagumi. Ta ce, "Ke da karatunki. Kin taɓa ganin ubanki ya yi hira hannunsa a kan cinya? Kin dasa shi gaban ƙarfe kamar mai laifi." Ta shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin don kada ƙarar kaya ta shiga, ta ɗora 'yar fankar Injin Niƙa, da sukudireba, da man kekenta, da tsumma. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da ƙwaryar zarenta.

Baba ya shigo ya ga kayan. Ya ce me za a yi da wannan gawar. Inna ta ce mai gyara ta ce ba mai iya tashinta. Ƙarya ce, mai gyara ba ta faɗa ba. Ya ce, "Ita ta ce?" Ya zauna.

Kan ka ce kwabo ya ɓalle murfin, kuma bakin ya buɗe tare da shi. Ya manta da makirufo, ya manta da ni. Labarin alhaji mai hula, labarin shekarar da ruwa ya shiga shago ya kwana yana shanya fankoki a kan rufi, labarin ranar da aka haifi Yaya ya bar fankar wani a buɗe ya ruga asibiti da filaya a hannu. In murya ta sarƙe sai ya kurɓi ruwa, ya goge boris, ya ɗora daga inda ya tsaya. Inna na jefa masa gyara, yana ramawa.

Awa biyu da rabi. Na saurara bayan sun fita. Muryar ta dushe, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, amma tana nan ita kaɗai, fes, ba abin da ke bayanta sai agogo da dariyar Inna. Na taɓa bayan kwamfutar, ko ɗumi bai yi ba.

Talata, da yamma

Labarin Kwastoma ya shiga. Bai kai na ranar Juma'ar nan ba, wancan ya tafi. Amma wannan yana da abin da wancan ba shi da shi: Inna ta kwaikwayi muryar ubanta da kanta, ta ce Baba bai iya ba.

Shuɗiya, koriya, shuɗiya, koriya. Minti huɗu cur, na duba.

Na kwafe komai wuri uku. Ɗaya na ba maigidana ya kai ofis.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ya iso da rana, da jaka da shawarwari.

Baba ya ce yau kowa ya fita, har ni. Na nuna masa inda zai danna. Ya ce, "Magana ce tsakanina da Baƙo, ba ruwanku." Ya rufe ƙofa. Minti goma sha ɗaya. Muna falo muna jin dariyarsa sama-sama, sau ɗaya kuma shiru mai tsawo.

Ban saurara ba. Ba nawa ba ne.

Fankar Injin Niƙa ta tashi, af. Ya jona mata batir tana juyawa a kan tebur. Ya ce a gaya wa yarinyar nan mai gyara.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Sun shiga da shi. A bakin ƙofa ya ce wa Inna, "Kwastoma, ki dawo jibi."

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya

Bango fari. Kujera mai sanyi. Yaya ya yi shiru, abin da ban taɓa gani ba.

Alhamis, ƙarfe biyu

Ya fito. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Lahadi, da rana

An ba shi ɗan allo da alli. Abu na farko da ya rubuta: fankar ɗakin nan tana bukatar mai.

Alhamis, da yamma

Mun dawo gida. Ba magana har sati uku, ko gwaji. Bayan nan sai a gani.

Gidan ya yi wani iri. Inna tana magana ninki biyu don ta cike gurbi. Baba ya rubuta mata: an ce ni in yi shiru, ba a ce ke ki ƙara ba.

Talata, bayan azahar

Baba yakan shiga ɗakin guga ya sa in kunna masa kansa. Ya zauna yana sauraro, yana gyaɗa kai kamar wani ne ke ba da labarin. In an zo wajen dariya kafaɗunsa su yi ta rawa. Yau ya nemi ɗaukar farko, mai gurnanin Injin Niƙa. Na ce ai ba ta da kyau. Ya rubuta: kada ki goge, shi ma ya yi iya yinsa.

Baƙo ya fara harbi da ƙarfi. Ina zargin ya gaji wani.

Asabar, da safe

Sati ukun ya cika shekaranjiya. Likita ya ce ya gwada. Ya buɗe baki, iska kawai. Likita ya ce akan yi haka, a ba shi lokaci. Inna ta ce dama wa ke sauri.

Ba wanda ya ci abincin kirki.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi

Zan rubuta wannan a hankali don kada in bar komai.

Da la'asar Baba ya taɓa kafaɗata ya nuna ɗakin guga. Na ɗauka sauraro zai yi. Ya girgiza kai, ya nuna makirufo. Ya rufe taga da kansa, ya kashe fankar rufi, ya cire batirin agogo ya ajiye. Ya durƙusa ya leƙa ragar Mai Ladabi, ya ga fankar a tsaye, ya ɗaga mata babban yatsa. Sannan ya yafito Inna.

Ta shigo tana goge hannu, tana cewa ta bar tukunya a wuta. Ya zauna, ya matso da bakinsa dab da makirufo. Na danna.

Na ga leɓensa sun motsa. Ban ji komai ba, Inna ma ba ta ji ba. Amma a kan allo layin da ke kwance ya ɗan yi tsalle, ƙanƙani, sau biyu. Ya nuna mini in mayar. Na mayar, na ƙure sautin har ƙarshe, abin da da Injin Niƙa ne da sai dai mu ji gurnani ya cika ɗaki. Ba gurnani. Shiru ne mai tsabta, sai numfashi, sai wata 'yar raɗa a shaƙe, amma tasa ce, ko a cikin dubu zan gane ta.

"Kwastoma. Shuɗiya ce."

Inna ta dafa teburin, ya yi rawa, kwalin ya zame. Ta ce in sake sawa. Na sake. Ta ja gefen mayafinta ta goge fuska, ta goge kuma, ta matsa kusa da makirufon kamar yadda ta ga ya yi.

"Koriya ce, Malam," ta ce. "Ka warke mu ƙarasa."

Tukunyar ta ƙone. Na ajiye ɗaukar wuri uku.